Allurar Jawahir

Asabar, bayan la'asar

An naɗe tabarmin ƙofar gida. Alhaji Abdulrauf, mai gidan da muke haya, ya ce an yi sadakar uku, kowa ya koma sabgarsa. Gaskiyarsa. Ƙofarsa ce.

Shekara tara ina Fagge, ban san ina da jama'a haka ba. Wasu ko fuskarsu ban taɓa gani ba. Mutum zai zo ya ce ya haƙuri, in ce da godiya, a shafa fatiha. Sai ya gyara zama, ya rage murya: wai da gaske allura ce? Tambayar ce ta kawo su. Ban ga laifinsu ba, da ni ne ma zan tambaya.

Daga Mubi ba wanda ya zo. Hanya da nisa. Inna ta yi waya, ta ce maigidanta ya tafi ya bar ta, haka take kiran jikan nata tun yana zanen goyo. Layi ya yanke. Ban sake kira ba.

Ba zan rubuta sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ya ci. Yana da rai ban kira ba, ba yanzu zan fara ba. Shekararsa goma.

Saura ƙanwarsa Jawahir. Ita ba a yi mata ba.

Lahadi, da hantsi

An kwana ana ruwa. Ƙasar da aka tura masa sabuwa ce, ba ta zauna ba. Ban je na duba ba.

Litinin, bayan azahar

Zan rubuta yadda aka yi sau ɗaya, don na ji an fara ƙara wa labarin gishiri. Wai ina ji ina gani aka fizge shi daga hannuna. Ba haka ba ne.

Ni na kai shi, ranar Laraba. Ba wanda ya tilasta mini. Mashaƙo ya yi ƙamari a unguwa tun farkon damina, yara wuyansu ya kumbura, maƙogwaro ya yi fari ya toshe. Ni ne nake damun mutane a majalisa cewa su kai 'ya'yansu rigakafi. Tsohon malamin firamare, baki ba ya shiru. Shi ba a gama masa nasa ba saboda gudun da muka yi daga gida yana ɗan shekara ɗaya. Jawahir kuma ɗaya aka yi mata tana jaririya, aka rufe gari lokacin korona, ba mu koma ba. Ran nan tana zazzaɓi, sai muka bar ta wajen uwarsu, Bintu.

A asibitin unguwa Sista Veronica ce ta yi masa a damtse. Ta ce, "Malam, ku zauna a benci rabin awa. Kar ku tafi sai na sallame ku." Ta faɗa. Da kunnena na ji. Duk wanda ya ce ba ta faɗa ba, ƙarya yake yi.

Benci biyu ne, mata sun cika su. Muka samu gefe muka raɓa. Ni kaɗai ne mai gemu a wurin. Can sai ga masu goyo a tsaye a kaina. Wata tsohuwa ta dube mu ta ce wa ta kusa da ita, wannan autansa ne yake gadi haka? Waccan ta ce ina, daga gani na fari ne, dubi goshin. Suka yi dariya. Ba da mugunta ba. A garinmu uba ba ya zama kafaɗa da kafaɗa da ɗan fari a gaban mutane, balle a tsakiyar mata. Na ji kunya har ƙeyata. Na miƙe na ba wata mai goyo wuri. Na dube shi, lafiyarsa ƙalau, yana kallon ƙadangare a bango. Na ce mu je.

Muka hau adaidaita zuwa Sabon Gari, shagon Oga Nwabueze inda nake tsaron kayan janareta. A hanya yana susar wuya. Na gani. Bai ce komai ba, don ba mu saba doguwar magana ba, ni da shi.

Muna isa fuska ta tashi rudu-rudu, leɓe ya kumbura. Madam Ifunanya, matar Oga, da take sayar da abinci a gefen shago, ta ce borin jini ne, ta ruga ta kawo manja. Mai shayi ya ce gaskiya manja ne maganinsa. Mai faci ma haka. Ni ma na yarda, haka Inna take mana. Aka shafe masa jiki. Aka ɗura masa a cokali, ya ƙware. Muka tsaya muna jira manja ya yi aiki. Sai da muryarsa ta canza na gane.

Hanyar kasuwa a cushe take, adaidaita ba ta motsi. Na saɓa shi a kafaɗa na yi gudu. Rabon da in ɗauke shi tun dajin da muka bi muka fito daga Mubi.

Sista Veronica ta bar layi. Ta caka masa wata allura a cinya, ta ƙara wata, ta hura masa iska, ta durƙusa tana danna ƙirjinsa. Hularta ta faɗi a ƙasa, wani yaro ya taka.

Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Talata, da safe

Na haska maƙogwaron Jawahir da fitilar waya. Ja ne, ba fari. Ta ɗauka wasa ne, ta ce in haska nawa ita ma ta gani.

Ta tambayi Yaya. Bintu ta ce ya tafi. Ta ce da takalminsa? Ga takalmin a bayan ƙofa.

Laraba, bayan magariba

Na je shago. Na dawo.

Alhamis, da la'asar

Abdulƙahhar tela, wanda ɗakinsa yake jikin namu, ya same ni a zaure. Ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce wallahi washegarin ran nan ya yi niyyar kai 'yarsa Ikhlas rigakafin, har ya gaya wa uwarta ta wanke mata kai. Ya ce Allah ya yi amfani da ni ya tsare masa ita. Godiya yake mini.

Na ce masa ba haka maganar take ba. Ya ce ya sani, in ƙara haƙuri.

Ikhlas da Jawahir kwano ɗaya suke ci.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Wasu samari suka tare ni a bakin lungu, ɗaya ya ɗaga waya yana ɗaukata. Wai in faɗa wa duniya abin da aka yi wa ɗana, za su watsa. Na ce allura ce ta tayar da abin, wannan ba na musu. Na ce matar ta ce mu zauna, ni na tashi. Na ce manja da hannunmu muka ba shi.

Mai wayar ya sauke ta. Ya ce, "Baba, ba wannan ɓangaren ba."

Ba ni da wani ɓangaren.

Na ji wai an jefi tagar asibitin, wai don Sista Veronica ba 'yar nan ba ce. A Sabon Gari aka haife ta. Ta fi ni zama 'yar Kano. Ni har gobe ɗan gudun hijira nake a bakin lungun nan, ko da yake satin nan na samu ƙarin girma, ana ce mini Baba.

Asabar, da hantsi

Ma'aikatan lafiya sun zo su uku, da wani likita matashi mai tabarau. Suka cire takalmi, suka yi gaisuwa yadda ya kamata. Sun yi tambayoyi da yawa. Ko ya taɓa yin borin jini, ko akwai abincin da ba ya shiri da shi. Bintu ce ta amsa daga bayan labule. Ni ban sani ba. Uba ba ya sanin irin waɗannan.

Likitan ya ce jikin yaron ne ya ƙi wani sinadari a cikin allurar, ya yi masa bore gaba ɗaya, har hanyar numfashi ta kumbura. Ya ce yawanci cikin 'yan mintuna yake tashi, shi ya sa ake cewa a zauna. Ya ce allurar da aka yi masa a cinya tana kwance shi in an yi da wuri. Bai dube ni ba da ya faɗi "da wuri". Yana da tarbiyya.

Ya ce mutum ɗaya ko biyu cikin miliyan yake samu. Na ce masa Kano tana da miliyoyin nata na haihuwa, sai da aka nemo baƙo. Bai yi dariya ba. Ni ma ba dariya nake nema ba.

Daga bayan labule Bintu ta ce, ƙanwar fa?

Ya ce ba doka ba ce don ya sami wa ya sami ƙanwa, kuma ta taɓa karɓar ɗaya lafiya. Ya ce a kawo ta, za a tanadi komai a kan tebur kafin a taɓa ta, amma sai da yardar uba, kuma sai uban yana wurin.

Na ce, za ka rantse?

Ya ce, "Ba zan rantse maka ba, Malam. Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne yaran da nake gani a ɗakin masu mashaƙo."

Na raka su ƙofa.

Lahadi, da safe

Ja ne, ba fari.

Lahadi, da yamma

Bintu tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba, ta ce yaushe za mu kai Jawahir. Ta ci gaba da tsincewa.

Ni na ɗauka ita ce za ta ce ko sunan allura kada a ƙara ambata a ɗakin nan. Da hakan ta ce, da na huta.

Talata, bayan azahar

Madam Ifunanya ba ta buɗe rumfarta ba tun ran nan. Oga Nwabueze ya ce ba ta cin abinci, sai coci da kuka. Ya ce, Ticha, ba don ni ba, ka je ta ga fuskarka.

Na je. Gidansu yana bayan layin masu katako. Tana ganina ta zube a ƙasa ta kama ƙafata. Ta ce ita ta kashe shi. Na ce Madam ki tashi, ba kyau. Na ce mata duk wanda yake wurin ya ce manja, har da ubansa. Na ce ita kaɗai ce ta yi gudu ta kawo abin da ta sani, mu muna tsaye. Na tuna mata naman da take ƙara masa a ɓoye, tana zaton ban gani ba. Na ce ta buɗe rumfa, 'yan dako suna yunwa.

Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Da na fito, ƙamshin miyar wani gida ya buge ni, na tsuguna a bakin kwata na yi amai.

Bintu ta daina sa manja a girki. Ba mu yi maganar ba.

Laraba, da safe

Ja ne.

Ikhlas ba ta fito tsakar gida ba. Uwarta ta ce mura ce.

Alhamis, bayan la'asar

Na biyo ta gaban asibitin, ban san me ya kai ni ba, ba hanyata ba ce. Bencin nan biyu ba kowa, sai wata akuya a ƙarƙashi. An liƙa kwali a tagar da aka fasa. Ban shiga ba.

Na wuce har tashar jirgin ƙasa na zauna a kan wani ƙarfe. Yaron yana son zuwa nan ya ga tarago, ko da ba sa tafiya. Bintu ce ta gaya mini haka, jiya. Ashe da yaran lungu suke zuwa.

Juma'a, bayan sallar asuba

Bangon da ke tsakaninmu da ɗakin Abdulƙahhar bulo ɗaya ne. Ana jin numfashin Ikhlas kamar ana jan zarto a ɗanyen katako. Bintu ta zauna ta rungume Jawahir, ta juya mata baya zuwa bangon, kamar hakan zai tare wani abu.

Na ƙwanƙwasa. Na ce Abdulƙahhar ka kai ta asibiti yanzu. Ya ce an ba ta zuma da tafarnuwa, ana jira a gani. Na ce kar ka jira. Na ce na san jira. Ya dube ni, ya shiga ya ɗauko ta. Wuyanta ya kumbura kamar na bijimi.

Asabar, da yamma

An killace ta. An zo an raba wa duk gidan maganin sha, an ce a shanye. An sake maganar allura ga yaran gidan. Alhaji Abdulrauf ya ce shi ba ya hana kowa, ba ya sa kowa. Duk idanu suka dawo kaina. Na shige ɗaki.

Inna ta kira. Ta ce in tattaro su in mayar gida, Kano ta ci rabonta. Na gaya wa Bintu. Ta ce a Mubi ba a numfashi?

Lahadi

Ban je ko'ina ba.

Litinin, da hantsi

Jawahir ta yi tari tana shan koko. Na tashi zan je wurinta. Bintu ta bubbuga mata baya. Ƙwarewa ce kawai. Ta ci gaba da sha.

Na haska. Ja ne. Na sake haskawa. Ta ce Baba ka ishe ni.

Abin da na kasa gaya wa kowa shi ne, in ciwon ya zo, ya zo ne. Ana cewa Allah ya kawo. Amma allura ni zan ɗauke ta in kai, ni zan riƙe ƙafar. Na san lissafin likitan daidai ne, na koyar da lissafi shekara da shekaru. Hannuna ne bai yi makaranta ba.

Talata, bayan magariba

Na je shago. Madam ta buɗe rumfa. Ta aiko mini da farar shinkafa ba miya. Na ci.

Na dawo.

Laraba, bayan azahar

An sake shimfiɗa tabarmin a ƙofar gida. Tun da safe aka kawo Ikhlas, kafin azahar an kai ta. Ba a bari mutane da yawa su taɓa ba. Kusa da shi aka sa ta, kabari biyu ne a tsakani. Ƙasar tasa ta ɗan lotsa a gefe ɗaya, na tura da ƙafa na gyara.

Alhamis, da la'asar

Ina zaune kusa da Abdulƙahhar a tabarma, don ba wanda ya san inda zai zaunar da ni. Masu gaisuwa su gaishe shi, sannan su ɗan juyo su gaishe ni, na kwanakin baya. Ba wanda ya rage murya ya yi masa tambaya. Samarin nan masu waya sun zo, sun yi fatiha, sun tafi.

Da wurin ya yi shiru sai ya ce, bai dube ni ba, "Malam Sammani, kai ka kai. Ni ban kai ba."

Na ce haka ne.

Ya ce, "Na gode maka ran nan."

Na ce na tuna.

Ba mu ƙara ba. Aka kawo ruwa a buta, ya ba ni na fara alwala.

Juma'a, da safe

Jawahir tana neman Ikhlas. Bintu ta ce ta tafi. Ta ce wurin Yaya? Ta ce to ita yaushe za a kai ta?

Bintu ta fita tsakar gida ta daɗe tana wanke kwano ɗaya.

Ja ne, ba fari.

Asabar, bayan la'asar

Bintu ta aika Jawahir ɗakin matar Alhaji, ta rufe ƙofa, ta zauna a gabana. Shekara goma sha biyu da aure, ba ta taɓa zaunar da ni ba.

Ta ce, "Malam, ban ce kai ka kashe shi ba. Na raya a zuciyata kwana biyu, na yi istigfari. Kunya ka ji, kunyar da aka koya maka. Ni ma da ita na rayu da shi, ban taɓa rungume shi a gaban mutane ba, har aka fita da shi. Wannan ba ta fari ba ce. Ba wanda za mu ji wa kunya a kanta."

Ta ƙara da cewa, "Na ji numfashin Ikhlas. Kai ma ka ji. Ban taɓa taka ƙofar gidan nan ba tare da izininka ba. Kar ka sa in fara."

Na ce sun ce sai uba yana wurin.

Ta ce, "To uban ya zo."

Ta tashi ta buɗe ƙofa ta ɗora sanwa.

Lahadi, da yamma

Na yi alwala, na yi nafila, na zauna. Ban ji komai ba. Ba sanyi a zuciya, ba tsoro. Kamar an cika ni da yashi.

An jiƙa wanki a bokiti a bakin ƙofa, rigar Jawahir mai ɗigo-ɗigo tana sama. Na daɗe ina kallonta.

Litinin, bayan magariba

Na ce wa Bintu ta shirya Jawahir gobe da safe. Ta ce to. Ta tambaya ko in ƙara tuwo. Na ce a'a.

Na kira lambar da likitan ya bari.

Talata, bayan la'asar

Mun je. Bintu ta wanke ta, ta sa mata kwalli. Ni na ɗauke ta a kafaɗa tun daga ƙofar gida. Muka wuce majalisa, suka yi shiru. Wani ya ce, Malam, ina zuwa? Na ce asibiti. Abdulƙahhar yana kan keken ɗinkinsa a zaure, bai ɗago ba, amma ƙafarsa ta tsaya.

Ba kowa a layi sai wata mata ɗaya da tagwaye. Likitan yana nan. An jera kaya a kan tebur an rufe da farin ƙyalle, ya ɗaga ya nuna mini: allurar gaggawa an riga an zuƙa, robar iska, tukunyar iska a gefe. Ya ce wata nas ce za ta yi, sun ga bai dace ba a sa Sista Veronica.

Bintu ta ce ina take? Aka ce tana ɗakin magani. Ta ce a kira ta.

Ta fito. Ta rame, rigar ta yi mata yawa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ya haƙuri." Na ce da godiya. Na ce mata na gaya wa duk wanda ya tambaye ni cewa ta faɗa. Ta ce ta ji.

Bintu ta ce, "Ke za ki yi mata."

Ta ce, "Maman Jawahir, hannuna rawa yake. Tun ran nan ban riƙe sirinji ba."

Bintu ta ce, "Duk asibitin nan ba wanda zai kafa mata ido kamar ke. Ki yi."

Likitan ya dube ni. Na ce abin da uwarta ta ce.

Na zaunar da Jawahir a cinyata, na riƙe ƙafar. 'Yar ƙafa ce, hannuna ɗaya ya zagaye ta. Sista Veronica ta goge wurin da auduga, ta yi alamar giciye a ƙirjinta, Bintu ta yi bismillah. Hannun bai yi rawa ba. Jawahir ta tsala ihu, ta ce Sista muguwa ce, za ta gaya wa Yaya.

Muka zauna a benci, ni da Bintu, ita a tsakiya. Sista Veronica ta jawo kujera ta zauna a gabanmu, gwiwarta tana taɓa tawa, ba wanda ya matsa. Muka zuba wa yarinya ido mu huɗu, har da likitan. Ta sosa kunne, duk muka miƙe. Sauro ne. Ta yi hamma, likita ya sa abin awo a ƙirjinta. Ta gaji da mu, ta ce a ba ta wayata. Na ba ta. Ta kunna fitila ta ce Sista ta buɗe baki. Ta buɗe.

Ba abin da ya faru.

Na zata zan ji daɗi. Abin da na ji shi ne gajartar rabin awa. Ba komai ba ce. Ko hirar majalisa ba ta kai ba.

Sista Veronica ta dubi agogo ta ce lokaci ya yi, ta sallame mu. Ta ce wata mai zuwa za a ƙara mata, sai an cika. Bintu ta ce Allah ya kai mu. Ni ma na ce Allah ya kai mu, na ji bakina ya faɗa.

Ba mu tashi ba. Likitan ya tafi wani aikin. Mai tagwaye ta tafi. Jawahir ta yi barci, kanta a cinyata, bakinta a buɗe, ina jin iskar tana shiga tana fita. Sista ta sake leƙowa ta ce za mu iya tafiya fa. Muka ce to. Aka kira azahar muna nan.

Mai shara ta zo da tsintsiya ta ce mu ɗaga ƙafa. Muka ɗaga.